Yadda 'Yan Wasa Suka Fara Shiga Yaƙin Jiragen Sama na Kwamfuta

Abin da na ke nufin yi cikin wannan 'yar takarda shi ne in bayyana yadda mutane suka fara shiga wani irin wasa da a ke yi da kwamfuta, inda mutum zai zauna a ɗakinsa ya tuƙa jirgin yaƙi wanda babu shi sai a kan allo, ya yi faɗa da waɗansu mutane na gaske, su ma suna zaune a nasu ɗakunan, wataƙila a wani gari, wataƙila a wata ƙasa. A Amurka aka haifi wasan, can kuma ya yi ƙuruciyarsa, sabo da haka yawancin labarin na can ne.

Tun da fari sai in nemi gafarar mai karatu game da suna. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan abu da ita ma'anarta kwaikwayo, watau a shirya na'ura ta riƙa yin yadda jirgi na gaske ya ke yi. Amma in muka ce "wasan kwaikwayo" mun shiga gonar wani, gama tuni wannan suna ya zama na abin da a ke yi a dandali da gidan rediyo. Don haka zan riƙa cewa "wasan yaƙin jirage" kawai, da sharaɗin mai karatu ya tuna ba irin na harbi barkatai na ke nufi ba, wanda yaro zai iya cikin minti biyar. Wanda na ke nufi an gina shi ne bisa lissafin nauyin jirgi da ƙarfin injinsa da yadda iska ke ɗaukar fukafukansa, har ya zama kuskuren da zai kashe matuƙi a sama, a nan ma sai ya kayar da shi. A ganina abu biyu ne suka yanke wanda ya shiga wannan wasa da wanda ya tsaya a waje: na farko kuɗin awa, na biyu samun wanda zai kama hannun baƙo. Kyawun hoto da ƙarfin na'ura, waɗanda a kan fi yawan ambata, a baya su ke.

Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya girmi kwamfuta. A 1929 wani mutumin Binghamton a jihar New York, Edwin Link, ya ƙera wani akwati mai kamar ɗakin matuƙi, ya ɗora shi bisa zugazugai irin na kayan kiɗan da mahaifinsa ke ƙerawa, yana karkata yadda mai koyo ya juya sanda. A Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa dubu ɗaruruwa suka koyi aiki cikinsa. Amma wannan kayan soja ne, ba na wasa ba. Wasa ya soma ne a jami'a. Jami'ar Illinois tana da wani tsari da a ke kira PLATO, wanda aka fara a 1960 don koyar da ɗalibai: babbar kwamfuta guda, da alluna masu yawa a haɗe da ita. A 1974 wani ɗalibi, Brand Fortner, ya rubuta wasa a kanta mai suna Airfight, inda mutane da dama ke tashi lokaci ɗaya suna neman juna. Hoton 'yan layuka ne kawai, yana kuma sakewa a hankali ƙwarai. Waɗanda suka fara wannan wasa ba zaɓe suka yi ba, sa'a suka ci: sun kasance a wurin da allon ya ke. Wanda ba ɗalibi ba, ba kuwa ma'aikacin makarantar da ke da PLATO ba, ko labari bai ji ba.

Daga wannan jami'a ɗin ne Bruce Artwick ya fito, wanda wajen 1980 ya fitar da Flight Simulator don ƙananan kwamfutocin gida, a 1982 kuma kamfanin Microsoft ya fitar da nasa bugun. Daga nan wasannin jirage na mutum ɗaya suka yawaita. A 1986 aka nuna fim ɗin Top Gun, a 1987 wasan Falcon ya fito, a 1990 kuma Red Baron. To, a nan ne aka yi renon yawancin waɗanda daga baya suka shiga faɗa da mutane. Akwai wanda tun yana yaro ya ke harhaɗa 'yan jiragen roba yana rataye su a ɗaki, akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin sojan sama, akwai wanda ya so zama matuƙi ido ko aljihu ya hana shi. Dukansu sun sayi wasa, sun yi ta kayar da jiragen da kwamfuta ke tuƙawa, har suka gane wani abu: abokin gāban nan ba ya koyo. Dabarar da ta ci shi jiya ita za ta ci shi gobe. Kamar ɗan dambe ne da ya yi shekara yana naushin buhun yashi. Hannunsa ya yi ƙarfi, amma bai san matsayinsa ba sai ya shiga fage. Wasu suka riƙa ɗaukar kwamfutarsu zuwa gidan aboki, a haɗa biyun da waya a kara, gama Falcon ya yarda da haka. Amma abokin karawa ɗaya ma ba a daɗe a ke haddace shi.

Fagen da su ke nema ya buɗe a 1987. Kelton Flinn da John Taylor, waɗanda suka haɗu a Jami'ar Virginia, sun kafa kamfani mai suna Kesmai a farkon shekarun 1980, suna yin wasannin da mutane da yawa ke shiga ta wayar tarho. A wancan zamani intanet ba ta kai gidajen mutane ba. Abin da ke akwai shi ne waɗansu kamfanoni masu manyan kwamfutoci, mutum ya yi rajista, ya buga lambarsu, a riƙa lissafa masa kuɗi bisa awa. Ɗaya daga cikinsu shi ne GEnie, wanda kamfanin General Electric ya buɗe a 1985. Dalilin buɗe shi ma abin lura ne: kwamfutocin kamfanin da rana suna aikin 'yan kasuwa, da dare kuwa suna zaune a banza, sai aka ga gara a sayar da daren. A kan GEnie ne Kesmai ya ɗora Air Warrior, wasan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, da fari don kwamfutar Macintosh, sa'an nan Amiga da Atari ST da irin ta IBM.

Ya kamata in ɗan tsaya in bayyana yadda abin ya yiwu, don mai karatu zai yi mamakin yadda hoton yaƙi zai bi ta wayar tarho. Amsa ita ce hoto ba ya bi. Tsakanin kwamfuta da waya akwai wata 'yar na'ura, modem, wadda ke juya saƙo ya zama ƙara. Irin wadda a ke yayi a lokacin tana ɗaukar abin da bai wuce harafi 120 ba cikin daƙiƙa guda. Dabarar da aka yi ita ce ko wane ɗan wasa kwamfutarsa ce ke lissafin tafiyar jirginsa, ita ke zana masa sama da ƙasa. Abin da ta ke aika wa uwar kwamfuta 'yan lambobi ne kaɗan, watau ga inda na ke, ga inda na fuskanta, ga saurina. Uwar ta rarraba wa sauran. Tsakanin saƙo da saƙo kuwa sai ko wace kwamfuta ta yi kintace. In waya ta yi gardama, saƙo ya makara, sai ka ga jirgin da ka ke bi ya ɓace daga gabanka ya bayyana a gefe, kamar aljani. 'Yan wasan farko sun sha faɗa da juna kan wannan, wani ya ce maguɗi ne, wani ya ce laifin waya ne.

Yanzu ga maganar kuɗi. Sa'ad da GEnie ya fara, awa guda da dare ko ranakun hutun ƙarshen mako dala 5 zuwa 6 ce, da rana kuwa ta haura dala 30. Mafi ƙanƙantar ladan ma'aikaci da dokar tarayyar Amurka ta yarda da shi a 1987 dala 3.35 ne a awa. Watau lebura zai yi aikin kusan awa biyu kafin ya biya wasan awa ɗaya. Wanda ke tashi awa biyu kullum dare, a dala 6, ƙarshen wata zai ga takardar dala 360, ban da kuɗin tarho in garinsu ba shi da lambar kusa, ban da kuɗin kwamfutar kanta da sandar tuƙi. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mana su wa suka shiga. Ba yara ba ne. Magidanta ne masu albashi, injiniyoyi da masu aikin kwamfuta da tsofaffin sojoji da matuƙa na gaske, kusan dukansu maza, kusan dukansu masu jin Ingilishi. Kuma tun da dare ne mai araha, jama'ar dare ce, a kan taru bayan an ci abinci yara sun kwanta. Hanyar jin labari ma ƙunci gare ta: ko mutum ya gani a mujallar kwamfuta, ko yana yawo cikin GEnie don wani abu dabam ya yi karo da wasan, ko kuwa, abin da ya fi yawa, wani abokin aiki ya ja shi gida ya nuna masa.

Tsadar nan ta yi ɓarna, gama ta rufe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma ta yi wani aiki da ba a nufa ba. Jama'ar ta zama kaɗan, kowa ya san kowa da laƙabinsa, wanda ya yi rashin kunya yau gobe zai tarar da mutanen da ya yi wa. Wanda kuma ya biya dala 6 don awa guda ba ya son ya ɓata ta, sai ya yi shiri kafin ya buga waya. Shirin wasan yana barin mutum ya tashi shi kaɗai ba tare da ya haɗa waya ba, don haka a kan koyi tashi da sauka kyauta, a ajiye kuɗi don faɗa.

Duk da haka daren farko ba ya yi wa kowa daɗi. An raba duniyar Air Warrior ƙasa uku, A da B da C, baƙo ya zaɓi ɗaya, ya zaɓi jirgi, ya taka totur. In ya tsira daga titin tashi, sai ya hango wani ɗigo can nesa, ya nufe shi da murna. Kafin ya isa sai allo ya gaya masa an harbo shi, ga kuma sunan wanda ya harbe shi, mutumin da ko ganinsa bai yi ba. Ya sake tashi, a sake. Duk ƙwarewar da ya samu wajen kayar da kwamfuta ba ta amfane shi da kome ba, har ma ta cuce shi, don ta koya masa cewa faɗan sama shi ne a riƙa zagaye a bi wutsiyar juna. Tsofaffin hannu kuwa sun san abin da matuƙan gaske suka sani tun zamanin Oswald Boelcke, Bajamushen da ya tsara ƙa'idodin faɗan sama a 1916: mai nasara shi ne wanda ya fi tsawo a sama, ya fara gani, ya sa rana a bayansa. Jirgi irin Zero na Japan ko Spitfire na Ingila gwanin juyi ne, yana son a tsaya a yi kokawa. Irin Focke-Wulf 190 na Jamus ko P-47 na Amurka kuwa aikin shirwa ya ke yi, ya faɗo daga sama da gudu, ya kai sura, ya koma sama kafin a waiga. Wanda ya ɗauki jirgin shirwa ya tsaya kokawa da shi ya kashe kansa. Tsawo da gudu kamar kuɗi ne a aljihu, ana canza ɗaya da ɗaya, ko wane juyi mai tsanani kuma kashe kuɗin ne; wanda aljihunsa ya fara ƙarewa shi ne mamaci. Littafin Robert Shaw, tsohon matuƙin sojan ruwan Amurka, mai suna Fighter Combat, wanda ya fito a 1985, ya zama kamar littafin makaranta a wurinsu, ko da ya ke ba don 'yan wasa aka rubuta shi ba.

A nan ne a ke rabuwa. Mutum yana biyan kuɗi ana kashe shi, dare bayan dare; in ba wanda ya kula shi, cikin mako biyu zai tafi, ba kuwa zai dawo ba. Waɗanda suka zauna, in aka bi labarinsu, kusan kullum akwai wani a ciki. Wani lokaci ma wanda ya harbo shi ne zai rubuto masa ya ce, ka yi kaza da kaza, shi ya sa na same ka, zo mu koma gefe in nuna maka. Wani lokaci a ce ya hau babban jirgin jefa bom irin B-17 ya riƙe bindiga ɗaya, gama wasan ya yarda mutane da yawa su shiga jirgi guda. Yana zaune a baya yana kallon yadda a ke yi, ba nauyin tuƙi a kansa. Daga nan a ɗauke shi cikin rukuni, a haɗa shi da wani babba ya riƙa bin gefensa yana tsare masa baya. Har makarantar horo aka kafa cikin wasan, tsofaffin 'yan wasa ke koyarwa. Malaman kwalejojin horo za su ga abin da suka sani a nan: wannan koyon sana'a ne irin na maƙera da majema, yaro ya fara da zuga kafin a ba shi guduma. Ba kuwa tausayi kaɗai ya sa manyan ke yin haka ba. Fage in ba sababbin shiga ya mutu, kuma gwani ba ya jin daɗin kayar da wanda bai iya ba.

Abin da ya fi jan hankalina, da ya ke harshe ne sana'ata, shi ne cewa baƙo sai ya koyi magana kafin a ɗauke shi ɗan gida. A shekarun farko ba murya, sai rubutu, mutum kuwa hannunsa ɗaya na kan sanda, sabo da haka kome sai a gajarce. Rabin kalmomin gādo ne daga sojan sama. Alal misali, a kan ɗauki sararin da ke kewaye da jirgi kamar fuskar agogo, hanci ƙarfe 12, dama ƙarfe 3, wutsiya ƙarfe 6. In aboki ya ga maƙiyi ya biyo ka, ba ya da lokacin dogon bayani, sai ya buga sunanka da lamba 6 kawai. Baƙon da ya tsaya tunanin me shida ke nufi ya riga ya mutu. Sauran rabin su suka ƙirƙira. Suna da sunan raini da su ke kiran sabon shiga da wanda bai iya ba. Suna da fi'ilin da suka ciro daga sunan ungulu a Ingilishi, don mutumin da ke shawagi bisa filin jirgin abokan gāba yana harbin masu shirin tashi; da mu ne da mun ce yana ungulanci. Akwai kuma harafin S da a ke aika wa abokin karawa bayan faɗa mai kyau, a madadin sarawa irin ta soja, ko kai ka ci ko kai aka ci. Duk wanda ya san zaurancen 'yan kasuwa ko na mafarauta ya san aikin irin wannan harshe biyu ne, yana sauƙaƙa aiki, yana kuma nuna na ciki da na waje. Zumuncin ya kai har suka riƙa yin taro shekara-shekara a ga juna ido da ido, suna kuma shirya manyan yaƙe-yaƙe inda za a maimaita wani yaƙin tarihi, kowa da ransa ɗaya tak a zama guda.

Daga tsakiyar shekarun 1990 sai ƙofa ta yi ta faɗi. A 1995 WarBirds ya fito, wanda waɗansu tsofaffin 'yan Air Warrior suka yi, cikinsu da Dale Addink. Shi ta intanet a ke shigarsa kai tsaye, awa dala 2, don haka mutanen Turai da Japan da sauran wurare suka sami hanya. A 1996 Air Warrior ya hau kan America Online, a watan Disamba na shekarar kuma wannan kamfani ya daina lissafin awa ya koma dala 19.95 a wata, ko nawa mutum ya yi. Sai ga ambaliya. Matasa da 'yan makaranta suka cika fage, waɗanda ba su karanta Shaw ba, ba su san sarawa ba, yawansu kuma ya fi ƙarfin masu koyarwa. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, yawancinsu suka tattara a fagen da aka tsananta ƙa'idodin tashi, suka bar wa baƙi wanda aka sassauta. Ni dai ban ga gunagunin ya yi adalci duka ba, gama da yawa daga gwanayen shekarun baya cikin wannan ambaliya suka shigo, kuma da tsarin dala 6 ne da ba su taɓa leƙowa ba. Amma gaskiya ne cewa tsohuwar hanyar reno, ta mutum ɗaya ya riƙe mutum ɗaya, ba ta iya ɗaukar dubbai.

Sauran labarin ba sai na ja shi ba. Fighter Ace ya zo a 1997 ta hannun Microsoft. Addink ya kafa nasa kamfani ya fitar da Aces High a 2000, da biyan wata-wata. A 2001 IL-2 Sturmovik ya fito daga Rasha, aikin Oleg Maddox da jama'arsa, wanda in ka saya sau ɗaya ba ka ƙara biyan kowa don ka yi faɗa da mutane. Shi ya jawo Rashawa da mutanen gabashin Turai da yawa, ya kuma kawo yaƙin Jamus da Tarayyar Sobiyet wanda wasannin Amurka ba su cika kula da shi ba. Wajen wannan lokaci murya ta maye gurbin rubutu, rukuni suna magana da juna ta kwamfuta kamar rediyon jirgi. Daga 2012 kuwa aka sami War Thunder da DCS World, waɗanda shigarsu ta farko kyauta ce. Na farkon har da linzamin kwamfuta a ke iya tuƙi, ba sai an sayi sanda ba. Na biyun kuwa akwai jiragen da sai mutum ya karanta littafi mai shafi ɗaruruwa kafin ya iya ta da inji. Mai shiga a wannan zamani ya kan fara ne da kallon bidiyon wani a YouTube, malamin da bai san da zamansa ba.

Air Warrior kansa bai ga wannan zamani ba. Kamfanin Electronic Arts ya sayi Kesmai a 1999, a 2001 ya rufe wasan. Jama'arsa ba su watse ɗaya ɗaya ba; rukuni rukuni suka yi ƙaura, yawanci zuwa Aces High da WarBirds, da sunayen rukunansu da laƙabobinsu da kalmominsu. Shi ya sa yaron da ya shiga wani wasan dabam shekaru ashirin bayan haka zai ji ana zargin wani da ungulanci, ko a aiko masa da harafin S bayan an harbo shi, shi kuwa ko sunan GEnie bai taɓa ji ba.